Maganin Barewa da Sharuɗɗansa Tara

A garin Pike Hollow, can arewacin jihar Wisconsin, ba a tambayar Lyman Stokke labari, sai dai a roƙe shi ya tsagaita. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tantance wasiƙu a gidan waya, ya fito daga aikin da yaƙinin cewa duk ilimin da aka taɓa rubutawa a duniya ya bi ta hannunsa. Da ya yi ritaya, 'yarsa ta ga kunnen uwarta zai tsinke, sai ta buɗe masa shafin intanet, ta ce, "Baba, ga duniya nan, ka yi ta gaya mata." Ya raɗa wa shafin suna Lambu Sai Mai Shi. A ƙasansa akwai ɗan akwatin da ke ƙirga masu ziyara, ya kai ɗari huɗu da goma sha biyu. Matarsa Bernadine ta ce ɗari huɗun shi ne, sha biyun kuma ɓatan hanya suka yi.

Wata Litinin cikin watan Mayu, yana cin gasasshen burodi, saƙo ya shigo masa. Opal Varga ce, tsohuwar malamar firamare, wadda ke haɗa 'yar jaridar ƙungiyar masu lambu ta garin, shafi huɗu, sau ɗaya a wata, gida sittin. Layi biyu ta rubuto. Rabin shafi ya rage mata babu komai, ta ga rubutunsa kan korar barewa daga lambu, ko zai yarda ta sa?

Rubutun ba wani abu ba ne. Ƙwai biyu, tafarnuwa, barkono, a kaɗa a ruwa a fesa wa ganye.

Lyman ya ajiye burodi, ya miƙe tsaye.

"Bernadine! 'Yan jarida sun neme ni!"

Ta leƙa ta kafaɗarsa. "Opal ce. Ka ce mata to."

"To? Haka kawai, kamar mai ba da aron tsintsiya? Uwargida, wannan haƙƙin mallaka ne. Da haka ake kwashe wa manyan marubuta guminsu."

"Gumin ƙwai biyu?"

Ya ɗauki hula ya nufi shagon kofi na bakin titi, inda maƙwabcinsa Duane Tibbets, tsohon direban babbar mota, ke zaune a teburin da suka shekara ashirin suna zama ba su taɓa yarda da juna kan komai ba.

"Ba zan daɗe ba yau," in ji Lyman, da ƙarfi don teburan kusa su ji. "Ina tsakiyar tattaunawa da wata jarida."

"Wacce?"

"Bai kamata in yi saurin faɗa ba."

"Ta Opal ce, ko? Jiya ta tambaye ni ko ina da hoton kabewa ta cike gurbi, na ce babu. Ashe kai ne madadin kabewar."

Shagon ya kwashe da dariya. Lyman ya kurɓi kofi kamar bai ji ba, ya ce rubutunsa kan barewa ne suke roƙo.

"Na ƙwai da tafarnuwa? Haba dattijo! Kakata da shi ta tsufa tana fesawa. Akwai wanda bai san shi ba a jihar nan?"

"Wannan na 'yan koyo ne. Akwai sirri biyu da na ɓoye, saboda ɓarayin ilimi irinka."

"Faɗi mu ji."

"Ka jira jarida."

Sai da ya fito titi ya tuna ba shi da sirri ko rabi. Amma baki ya riga ya furta, gaban mutum tara. Yana isa gida ya buɗe kabad ɗin kicin, ya tsaya yana nazari, hannu a haɓa. Idonsa ya faɗa kan kifin gwangwani. Barewa ciyawa take ci, ke nan ƙarnin kifi zai kore ta. Ga kwalbar zuma a gefe. Zuma za ta manne maganin a ganye, ruwan sama ba zai wanke ba. Lyman ya yi mamakin yadda duniya ta kawo yanzu ba wanda ya gano wannan.

Ya haɗa bokiti guda, ya ɗauke shi hoto, ya rufe ya tura bayan garejin motarsu. Gwadawa kuwa, ina lokaci? Ya zauna ya ƙara kifi da zuma a shafin, ya rufe da cewa: "Shekara ashirin barewa ba ta taɓa shiga lambuna ba." Wannan kam gaskiya ne. Abin da bai ambata ba shi ne shingen waya mai tsayin ƙafa takwas da Bernadine ta sa aka kewaye lambun da shi.

Kwana uku ya yi yana rubuta takardar izini. Ranar Alhamis ya sa kwat da taye, ya kira Opal ɗakin karatu na gari, ya nemi mai kula da ɗakin ta zama shaida.

Opal ta zo da jakarta da tabarau rataye a wuya. Ta auna takardar a hannu.

"Lyman, shafi uku ne. Rubutun naka rabin shafi."

"Malama, karanta kawai."

"Sharaɗi na ɗaya, sunan marubuci da manyan baƙaƙe. To. Na biyu, hoton marubuci." Ta ɗaga hoton ta dube shi, ta dubi kansa. "Yaushe aka ɗauki wannan?"

"Kwanan nan."

"Da gashi?"

"Wuce na uku."

Ta yi ta wucewa. Na huɗu, ba za a canza ko waƙafi ɗaya ba. Na shida, yabo da duk abin da ya biyo bayan rubutun na marubuci ne shi kaɗai, jarida ba ta da hannu a ciki, kuma a buga lambar wayarsa don masu son yin godiya. Na takwas, dukansu za su sa hannu a kowane shafi, har da kwafin rubutun, don kada wani ya yi coge daga baya.

"Na tara, izinin nan ba ya janyuwa har abada." Ta sauke tabarau. "Ka san abin da wannan ke nufi?"

"A takardun manyan lauyoyi na gan shi. Yana nufin ba ki isa ki fasa bugawa ba."

"Haka yake nufi?"

"Ni da ke wa ya shekara talatin da ɗaya cikin takardu?"

Opal ta ɗauki kwafin rubutun. Tana kaiwa tsakiya ta tsaya.

"Wannan ba shi na karanta makon jiya ba. Kifin gwangwani? Zuma? Lyman, ai wannan ba kora ba ce, gayyatar biki ce. Bari in cire layin nan biyu."

Ya ɗora yatsa kan takardar. "Sharaɗi na huɗu."

"Don Allah ka saurare ni."

"Ko waƙafi ɗaya, Malama."

Opal ta shekara arba'in tana koyar da yara, ta san lokacin da ake barin yaro ya taɓa murhu. Ta ce, "Miƙo biron."

Jarida ta fito farkon Yuni, saura kwana goma sha biyu zagayen lambuna, ranar da ake kwaso baƙi da alƙalai daga garuruwan kusa a bi gida-gida ana kallo. A bana ne aka sa lambun Bernadine cikin jerin, bayan shekara goma sha ɗaya tana nema. Kowa a garin na tsoron barewa ta cinye masa furanni kafin ranar, don haka kafin la'asar kifin gwangwani ya ƙare a kantin gari.

Kwana biyun farko Lyman tafiya yake kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. Ya sayi firam na hoto ya saka shafin jaridar a ciki. Ya tare mai kawo wasiƙa ya ce in ya ga ambulan daga manyan jaridun New York ya kawo hannu da hannu.

A rana ta uku waya ta fara ƙara.

Wata gwauruwa, Misis Haugen, ce ta fara. "Lyman, kuliyoyi goma sha ɗaya na ƙirga a kan latas ɗina. Ni ko kyanwa ba na kiwo!"

"Kin ga barewa?"

"A'a, amma..."

"To me kuma kike so, Hajiyar lambu? Magani ya ci."

Yana ajiyewa wata ta shigo. Tururuwa sun yi layi daga lambu har cikin kicin. Wani ya ce hankaki sun tone masa wake. Wata ta ce ƙudaje sun hana ta shanya kaya. Lyman ya bi su da amsa ɗaya bayan ɗaya: wannan ya cika zuma, waccan ta rage, wancan kuma hannunsa ne ba shi da kyau. Bernadine ta daina ɗaga wayar, sai dai ta miƙo masa ita kan faranti, ta ce, "Ga masu godiya."

Ranar Asabar da safe ya buɗe ƙofa, wani wari ya mare shi har ya ja baya. Ya leƙa ta kan shinge. Ga katifa a tsakar gidan Duane, ga barguna, ga labule, ga Duane kansa da gajeren wando yana wanke karensa da tiyo, ya ɗaure hanci da ƙyalle.

"Lafiya, maƙwabci? Ƙaura za ku yi?"

"Kai za ka yi ƙaura! Bodari ya zo cin kifinka, kare ya bi shi, ya sha feshin wari, ya gudo ya haye gadonmu!"

"Ashe ka yi amfani da shi. Ba kai ke cewa kakarka..."

"Matata ce ta fesa! Ta ce wai mutum ba zai sa hotonsa a jarida ya yi ƙarya ba. Na ce ki dubi gashin da ke hoton!"

Lahadi a coci, an fesa wa furannin gindin taga, zanzaro suka biyo zuma suka shigo ana tsakiyar waƙa. Fasto ya gajarta wa'azi zuwa minti huɗu, abin da ba a taɓa gani ba. Da ake fita ya riƙe hannun Lyman ya daɗe bai saki ba.

"Ɗan'uwa Lyman, muna sa ka a addu'a. Wasu ma da sunanka suke kwana."

Daga coci bai biya gida ba, sai ƙofar Opal. Ya same ta a baranda tana ɓare wake.

"Malama, na janye izinina."

"To madalla. Kofi?"

"Ki bi gida sittin ɗin nan ki karɓo jaridar."

"Sharaɗi na tara."

"Wannan ai ke ya ɗaure!"

"Je ka sake karantawa. A hankali, kana bi da yatsa."

"To ki buga gyara, ki ce kuskuren ɗab'i ne."

"Na huɗu ya hana ni taɓa waƙafi. Na shida ya ce ba ni da hannu. Kai ka rubuta, Lyman, kuma ka iya rubutu, ko ƙofar ɓera ba ka bari ba."

Ya dawo gida yana huci. Amma Lyman Stokke ba ya rasa dabara, sai dai mai kyau. Ya zauna gaban kwamfuta ya goge kifi da zuma daga shafin, ya mai da rubutun yadda yake da. Yanzu duk wanda ya duba zai ga ƙwai da tafarnuwa ne kawai. Saura bokitin nan na bayan gareji, wanda ya kwana ashirin a rana, ya kumbura murfi. Ya jira Bernadine ta tafi kanti, ya ɗauko shi yana kau da kai. Kwandon shara? Duane zai gani. Lambatu? Zai bi titi. Sai ya shiga lambu, ya durƙusa gaban 'yar rumfar katako da ake ajiye shebur da manjagara, ya tuttule shi duka a ƙarƙashinta, ya tura ƙasa ya rufe. Shinge ƙafa takwas ne, in ji shi a ransa, me zai shigo? Bai yi tunanin masu bi ta ƙasa ba.

Daren jajibirin zagayen lambuna bai yi ba sai da Bernadine ta zaunar da shi a kicin.

"Lyman, shekara goma sha ɗaya. Gobe abu ɗaya nake roƙo. Ka tsaya wajen tebur, ka zuba wa mutane lemo. Kada ka yi bayani. Ko an tambaye ka lokaci, ka nuna agogo."

"Uwargida, kin san ni."

"Shi ya sa."

Asabar ta zo da rana mai kyau. Ƙarfe goma sha ɗaya bas ta tsaya ƙofar gida, baƙi arba'in suka sauko, da alƙalai uku riƙe da allunan rubutu. Bernadine ta sa hular malafa da rigar da ta ɗinka don ranar. Furannin wardinta sun buɗe, ja da fari da ruwan ƙwai, har babbar alƙaliyar ta tsaya ta dafa ƙirji. Lyman na zuba lemo, bakinsa a rufe kamar an ɗinke. Ya yi minti goma sha huɗu a haka.

Sai maƙwabta suka shigo bayan baƙin, Duane a gaba, Misis Haugen da kumburarren kunci inda zanzaro ya harbe ta.

"Jama'a, ku sha lemon da hankali," in ji Duane. "Ku tambaya ko akwai sirri a ciki."

Wani baƙo ya ce, "Au, shi ne mai kifin nan? Labarin ya kai garinmu."

Lyman ya ajiye butar lemo. Bernadine ta ce, "Lyman," a hankali, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya taka ya haye matakalar rumfar katako, ya ɗaga wayarsa sama.

"Tunda an tsokano, to a ji! Ga shafina nan, kowa ya zo ya duba. Ƙwai, tafarnuwa, barkono. Ina kifi? Ina zuma? Ni na ba da izini da zuciya ɗaya. Abin da ya faru da rubutuna bayan ya bar hannuna, sai a tambayi masu jarida!"

Kawuna suka juya wajen Opal. Ta gama tauna biskit ɗin da ke bakinta, ta kakkaɓe hannu, ta buɗe jaka.

"Ban so ba, Bernadine, ki yi haƙuri." Ta warware takarda, ta sa tabarau, ta ɗauko muryar aji. "Gwangwani biyu na kifi, da mansa. Zuma rabin kofi. Ga sa hannun marubuci a ƙasa, ga wani a gefe, ga kuma wani a kan kalmar zuma, inda ya ce in lura da ita musamman."

"Ni ce shaida," in ji mai kula da ɗakin karatu daga baya. "Biron ma nawa ne, bai dawo da shi ba."

"Sa hannu ai ana ƙirƙira!" Lyman ya buga ƙafa a katako. "Ni Lyman Stokke ban taɓa," ya sake bugawa, "haɗa kifi," ya buga na uku, "da zuma ba!"

Wani abu ya yi motsi a ƙarƙashin matakalar.

Baƙin hanci ya fara leƙowa, sannan farin layi a gadon baya. Uwar bodari ce, ƙatuwa, ta ƙoshi har tana rangaji. 'Ya'yanta biyar suka biyo ta a jere, na ƙarshen da ƙashin kifi a baki. Lambun ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙudan zuma.

"Dattijo," Duane ya ce cikin raɗa, "kada ka motsa. Don Allah yau ɗaya ka ji maganata."

"Kai ne za ka koya mini dabba? Ido ake haɗawa da su, a nuna musu waye babba." Lyman ya sunkuya, ya tafa hannu a fuskarta. "Kai! Fita!"

Bodari ta buga ƙafafun gaba. Ta juya. Ta ɗaga wutsiya.

Abin da ya biyo baya, kowa a Pike Hollow yana da nasa labarin. An dai yarda cewa Misis Haugen mai shekara saba'in da takwas ce ta fara isa bas, kuma alƙali ɗaya ya tsallake teburin lemo bai taɓa kofi ko ɗaya ba. Direba ya ja mota ƙofa a buɗe. Cikin minti biyu lambun ya koma babu kowa sai Lyman a durƙushe yana hawaye da tari, da Bernadine tsaye cikin wardinta, hula a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi, ta dubi hanyar da bas ta bi, ta shiga gida ta murza makulli.

Da la'asar Duane ya turo tsohon bahon roba na wankan jikokinsa ta kan shinge. Maƙwabta suka yi ta jefo gwangwanayen ruwan tumatir daga nesa, wai shi ke kashe warin bodari, wasu da tausayi, wasu da saiti. Lyman ya zauna a bahon tsakiyar ciyawa, tumatir har ƙirji, gwiwoyi a waje. Kayansa kuwa Duane ya ɗauke su da manjagara ya binne.

Tagar kicin ta buɗe kaɗan.

"Opal ta bugo," in ji Bernadine. "Alƙalai sun ce za su dawo baɗi. In ba ka gari."

"Uwargida, ni fa niyyata..."

"Gobe za ka ɗauki tiyo ka bi gida sittin ka wanke lambun kowa. Ka fara da coci."

Ya sunkuyar da kai.

Sai ga barewa. Masu gudu sun bar ƙofar shinge a wangale, ta shigo tana taku ɗaiɗai, ta nufi jan wardin da alƙaliya ta yaba. Bernadine ta dafe baki. Barewa ta miƙa wuya, ta buɗe leɓe, sai iska ta juyo daga wajen bahon. Ta ɗaga kai. Ta yi atishawa. Ta yi tsalle ɗaya ta fice, ta bi titi kamar an harba ta.

Lyman ya miƙe zumbur, tumatir na zuba.

"Kin gani? Kin gani da idonki? Duane, ka shaida! Ta gudu!"

"Zauna, akwai mata a unguwar!" in ji Duane daga bayan shinge.

"Ba maganinka ta guje wa ba," in ji Bernadine. "Kai ta guje wa."

"To ai duk ɗaya ne! Aiki dai ya yi!"

Bernadine ta dubi wardinta, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Ta dubi mijinta. Ta yi ɗan lissafi da yatsu.

"Duane," ta ce, "kwana nawa warin nan ke yi?"

"In an yi sa'a, sati uku."

"To ja mini bahon nan kusa da farin wardin. Shi ya fi kusa da ƙofar shinge."

Ta rufe taga.